Tur'ar da ke Kan Dutse

A bangon ɗakin Gafir Audi, a wani ƙauye kudu da Managil, akwai wata kalanda da shekararta ta ƙare tun Ilham tana aji uku, amma ba wanda ya isa ya cire ta. Wani mai shagon iri ne ya ba shi ita a kasuwa. Watannin duk an yage su an kunna gawayi da su, hoton sama kaɗai ya rage: wani dutse kore shar, gajimare ya naɗe masa wuya, a jikinsa kuma gonaki hawa-hawa, wata bisa wata, kamar matakalar da aka yi wa mai niyyar shiga sama. A ƙasan hoton an rubuta da ƙananan haruffa cewa kangon wani birni ne na mutanen Inka, a ƙasar Peru.

Ilham ce ta karanta masa rubutun. Ita ce ɗiyarsa ta biyu, mai shiru-shiru, wadda ko baƙo ya yi sallama sai ta ɓuya a bayan littafi har ya tafi.

A Jazira kuwa, yankin da ƙauyen yake, ba dutse. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faranti, baƙar laka, in ka tsaya a bakin tur'a, wato magudanar da ke kawo wa gonaki ruwan Nilu, kana hango mai jaki tun yana ɗigo har ya zama mutum. Shekara talatin da ɗaya Audi ya yi yana gafir, mai tsaron ruwa. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke rufewa, shi ya san hawashar wa, wato gonar wa, za ta sha yau, ta wa kuma sai jibi. Ruwa a wurinsa abu ne mai tafiya a kwance, sannu-sannu, sai an lallashe shi. Shi ya sa hoton nan ya hana shi sakat.

"Dubi nan," yakan ce, ya ɗora farce a gefen hoton, inda wani siririn layi ya gangaro ta jikin gonakin. "Wannan tur'a ce. Mutanen nan suna da gafir."

Amininsa Uzairu, wanda hawasharsa ke jingine da ta Audi, kuma ba ya yarda da abu sai ya taɓa shi da hannu, sai ya kurɓi jabana, gahawarsu ta yamma, ya yi dariya. "Ya zol, mutumina, karce ne. Mai shagon ya ja ta bisa ƙusa. Wa ya taɓa kai ruwa kan dutse? Ruwan sama suke jira, kamar mutanen Dindir."

"Kai mi ka sani game da ruwa? Kai da hawasharka ke sha har ta yi amai."

"Awo, wannan kuma laifin gafir ne."

Shekara goma sha huɗu suna wannan gardama a rakuba, rumfar da ke ƙofar gida, ba wanda ya gaji, ba wanda ya ci.

Sai idon Audi ya fara dushewa. Na hagu ne ya fara tafiya. Likitan da suka gani a Madani ya duba, ya sake dubawa, ya ce jijiyar ce, kuma an makara. Na dama ya rage masa ɗan haske, kamar mai leƙe ta hudar ƙofa, shi ma likita bai ba shi wata tabbas ba, ya ce watanni ne. Audi ya miƙa makullan ƙofofin ruwa ga wani, amma bai daina zuwa bakin tur'a ba. Yakan zauna da sandarsa, ya karkata kai, ya ce wa sabon gafir ƙofa ta uku tana yoyo. A je a duba, a tarar tana yoyo.

A wannan shekarar ce Ilham, wadda ta gama karatun ban-ruwa a jami'a a Madani, sunanta ya fito cikin waɗanda za a kai wani horo na sati biyu a Peru. Aka miƙa mata takardar horon. Ba ta taɓa shiga jirgi ba, ko motar Sinnar sai ta yi addu'a tun daga tasha. Kwana uku takardar tana cikin littafinta ba ta gaya wa kowa ba. Rana ta huɗu ta lura da layin ƙarshe na jadawalin, inda aka rubuta cewa kafin a dawo za a kai su ziyarar wani tsohon kango. Ta karanta sunan, ta ɗaga kai ta dubi bango. Shi ne.

"Za ki tahi," in ji Audi, bai ko bari ta gama bayani ba.

"Baba, nisa..."

"Kakanki da ƙafa ya zo nan daga Sakkwato. Ke zama za ki yi a kujera a kai ki." Ya lalubo hannunta ya ɗora yatsanta a kan layin, bai kuskure ba ko kaɗan, don farcensa ya riga ya yi wa wurin alama. "Ba tsaraba nike so ba, ɗiyata. Ki je gun layin nan, ki matsa kusa, ki ɗauko min hotonsa babba, wanda wannan ido zai iya ɗauka in na kawo wayar bakin hancina. Ki aiko nan take, kar ki jira sai kin dawo. In karce ne, ki gaya min gaskiya."

Ta ce ta yi alkawari. Mahaifiyarta, Inna Hannatu, ta cusa mata busasshiyar kuɓewa a jaka, ta ce wa ya san abin da mutanen can suke ci.

Lokacin da ta bar gida alkama ce a gonaki, sanyi ne busasshe, ko ɗigon ruwa ba a yi. A can kuwa tsakiyar damina ta tarar. Sati biyun nan kullum ana ruwa a Kusko, garin da aka sauke su, numfashinta kuma sama-sama saboda tudu, in ta hau matakala goma sai ta dafa bango. Duk lokacin da ta kira gida Baba ba ya tambayar komai sai, "Saura kwana nawa?"

Ranar ziyara motar ta yi ta hawa tana juyawa, tana hawa tana juyawa, har Ilham ta daina duban taga. Da suka sauka a bakin ƙofar kangon ruwa ake yi siriri, mara hayaniya, irin wanda ba shi da niyyar ɗaukewa. Matar da ke yi musu jagora ta raba musu rigunan leda, ta ce da Turanci mota za ta tashi sha biyu daidai, kada kowa ya tsallaka igiya, kada kowa ya taɓa dutse, wanda ya yi za a fitar da shi. Ilham ta rubuta duka ukun a ɗan littafinta, ta ja layi a ƙarƙashi, kamar yadda ta saba.

Suka shiga, sai duniya ta ɓace.

Gajimaren da ta sani abu ne na can sama, wanda ake hangowa daga gabas a ce ga hadari. Ba ta taɓa zaton mutum zai iya shiga cikinsa da ƙafa ba. Fari ne fat, mai sanyi, yana shiga hanci da ɗanɗanon ganye. Taku biyar gabanta ba ta gani. Bango yakan fito daga cikin farin a hankali, manyan duwatsu da aka haɗa su ba laka ba siminti, ko allura ba za ta shiga tsakaninsu ba, in ta wuce ta waiga sai ta ga ya narke. Ƙofofi marasa ɗaki. Tagogi da ba abin da ke bayansu sai fari. Wata dabba mai wuyan raƙumi da jikin tunkiya ta leƙo ta wata taga tana tuƙa, ta dube ta kamar ta san ta a wani wuri, sannan ta janye kanta. Ilham ta ji kamar tafiya take a cikin kalandar Baba bayan rana ta cinye launinta.

Ta ɗaga waya ta ɗauki hoto. Fari. Ta matsa gaba, inda jagora ta ce daga nan ake ganin gonakin duka, ta sake ɗauka. Fari, da kan wani ɗan ajinsu a gefe.

"Wani lokaci yakan buɗe," in ji jagora, ta ɗaga kafaɗa. "Wani lokaci kuma sai ya kwana uku."

Sauran suka yi ta dariya suna ɗaukar juna a cikin hazo, daga baya sanyi ya kore su zuwa wata rumfa da ake sayar da shayi kusa da ƙofa. Ilham ta ce tana zuwa. Ta tsaya ita kaɗai, ruwa yana ƙwanƙwasa mata leda a ka. Ƙarfe tara da rabi. Gobe warhaka tana cikin jirgi. Ta tuna ɗan hasken nan na idon Baba na dama. Ta tsallako teku, ta zo har cikin hoton, ga shi ba ta san ma ta wane gefe layin yake ba.

Tana ƙarama, in an yi hutu, Baba yakan tafi da ita zagayen safe. Ya tsayar da ita a bakin tur'a ya rufe mata ido da tafin hannunsa mai ƙanshin laka. "Ruwa nawa kike ji?" Ta ce ɗaya. Ya ce ƙara saurare. Ta ce biyu. Ya ce akwai na ƙofa, akwai na ƙaramar magudanar Uzairu, akwai kuma wani da ke sata ta ramin ɓera. Ba ya sakin idon sai ta nuna masa na ukun da yatsa.

Ta rufe ido.

Na farko, na kan leda. Na biyu, wanda ke ɗiga daga bakin duwatsu, ɗis, ɗis, ba tsari. Ta dakata da numfashi. Can ƙasa da waɗannan, ta hannun dama, akwai na uku, siriri, mai tafiya da murya ɗaya, irin ruwan da ya san inda za shi.

Ta bi shi. Ta sauka wasu matakala masu santsi, ta zagaya wani bango, ta sake rufe ido, ta sake bi. Sai ga shi a gefen ƙafarta: magudana sassaƙaƙƙiya a cikin dutse, miƙaƙƙiya kamar an ja ta da zare, ta fito daga cikin fari ta shige cikin fari, ruwa yana gudu a cikinta. Ilham ta durƙusa. Ta ɗauki hoto, ta duba. Wani baƙin layi ne a cikin toka-toka, ɗigon ruwa ya ɓata rabinsa. Na kalanda ma ya fi shi fitowa. Kawu Uzairu zai ce karce ne, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Ba ta san abin da za ta ce ba, amma ta kira gida. A can la'asar ta wuce, lokacin jabana ne a rakuba.

"Ilham!" Muryar Inna ta fashe mata a kunne. "Kin ci abinci? Wannan ƙarar mi ce, ruwa ake? Kina da rigar sanyi? Kuɓewar ta ƙare?"

"Inna, Baba yana kusa?"

"Ina za shi? Ga shi nan shi da abokin faɗansa. Bari in buɗe muryar kowa ya ji."

"Bashmuhandisa!" Kawu Uzairu ke nan, da sunan girman da ake kiran injiniyoyi, wanda ya laƙa mata tun tana shekarar farko a jami'a. "Kin kai? To gaya wa tsohon nan ya huta. Karce ne ko?"

"Kawu, ban... Baba, hazo ne ko'ina. Na same ta, wallahi na same ta, amma hoton ba ya fita. Ina jira ko zai buɗe."

"Kina kusa da ita?" in ji Audi.

"Ga ta a gabana."

"Kawo wayar bakinta. Ku kuma ku yi min shiru. Uzairu, aje finjalin nan, kana kurɓa kamar saniya."

Ta sa wayar a cikin 'yar leda don ruwa, ta miƙa hannu har ta kusa taɓa magudanar. Aka yi shiru a ƙasashe biyu. Tana jin kukan wata kurciya ta cikin wayar, kurciyar bishiyar nim ta ƙofar gidansu, a nan kan dutsen Inka.

"Ƙasanta dutse ne, ba laka ba," in ji Audi a hankali, kamar mai magana cikin barci. "Faɗinta bai wuce taƙi ɗaya ba. Tana da gangara, Allah mai iko, tana da gangara ƙwarai, amma sun karya mata gudu, akwai 'yan matakai a ciki." Ilham ta duba. Akwai su. Sai muryarsa ta canja, ta koma ta gafir. "Amma ba ta da lafiya. Rabin ruwanta take ɗauke da shi. Sauran yana zuba wani wuri da ba nasa ba, ina jin shi yana faɗuwa. Hau sama, ɗiyata. Bi ta."

Ta bi ta sama, mataki bayan mataki, tana haki. Ba ta yi nisa ba ta ci karo da igiya. Bayan igiyar, kamar taku goma, ta ga abin da ya ji. Ƙasa ta zame daga sama ta haɗu da ganye da ciyawa ta toshe magudanar, ruwa ya taru ya tsallake gefe, yana kwarara a fuskar bangon wata gona, yana wanke ƙasar da ke tsakanin duwatsun, ja-ja.

A ƙauyensu ba a wuce magudanar da ta toshe. Ko ta wanda ba ka gaisawa da shi ce, ko kana cikin kayan Juma'a, sai ka tsaya ka buɗe, don ruwan da ya ɓata hanya ba ya tambayar hawashar wa zai ci. Ba doka ba ce, ba wanda ya taɓa faɗa mata da baki. Haka kawai ake yi. Abin da ta rubuta a littafi ta ja wa layi yana aljihunta, amma ko tunawa da shi ba ta yi ba. Ta cire takalma, don a gida ba mai shiga laka da takalmi sai wanda ya gaji da su. Ta tattare siket ta soke, ta ɗaga ƙafa ta tsallaka igiya.

Ta aje wayar a kan wani dutse. Ruwan sanyi ya kama mata idon sawu kamar cizo. Ta fara daga ƙasa, yadda aka koya mata, tana cire ganyen kaɗan-kaɗan don kada ruwan ya ɓalle gaba ɗaya ya yi ɓarna. Ta kwashe ƙasar da hannu biyu, ta kai ta inda ruwan ya tsallake, ta yi masa ɗan bango, ta danne da diddige, ta sake dannewa. Yatsunta sun mutu da sanyi, amma a ranta wani ɗumi take ji, har ta fara ganin kamar in ta ɗaga kai za ta ga balbelu a jere a bakin gonar, da jakin Kawu Uzairu yana jiran ta gama.

Magudanar ta yi wani ɗan tari, ta haɗiye, ta cika.

Usur ya tsaga hazon.

Wani gajeren tsoho ne ya fito daga cikin farin, da hula mai faɗi da bargo mai hudar kai, usur a bakinsa, yana faɗa da wani yare da ba ta ji ko kalma ɗaya. Ya nuna igiya, ya nuna ƙafafunta, ya nuna hanyar ƙofa. Wannan ba ya bukatar fassara. Turancin da ta karanta shekara da shekaru ya gudu ya bar ta. "Ma'alesh," ta ce da Larabci, sannan da Hausa, "Yi haƙuri, Baba, don Allah yi haƙuri." Ta tsaya da hannuwa cike da laka, idonta ya kawo ruwa. Za a fitar da ita. Ko hazon ya buɗe yanzu, tana wajen ƙofa.

Sai dutsen da ke gefensu ya yi magana.

"Yauwa! Yanzu ta samu lafiya! Kin ji yadda muryarta ta cika? Uzairu, ka ji?"

Tsohon ya ja da baya. Ya dubi wayar da ke cikin leda, ya dubi Ilham, sannan ya dubi magudanar, wadda da alama sai yanzu ya lura da ita. Ya tsuguna. Ya bi ta da ido sama da ƙasa. Ya sa babban yatsa ya danna ɗan bangon da ta yi, bai lotsa ba, ga sawun diddige a jikinsa. Da ya juya ne ta ga 'yar fartanya a soke a bayan ɗamararsa. Ashe wurin nan yake tahowa.

Ya nuna wayar da haɓa. "Papa?"

Ta gyaɗa kai.

Ya ɗauki wayar da hannu biyu, ya kawo ta bakinsa, ya yi wata doguwar magana, yana nuna sama, yana nuna ganyen da ta tara a gefe, kamar na cikin wayar yana ganinsa.

"Sannu da aiki, gafir," in ji Audi. "Sannu da ƙoƙari. Haka ne. Wallahi haka ne."

"Mi yake cewa?" in ji Uzairu.

"Cewa yake da damina ganye ba ya barinsa ya huta, kuma shi kaɗai ne, ba a ƙara masa mutum ba."

"Kai yaushe ka iya yarensu?"

"To mi gafir zai ce in ba wannan ba?"

Tsohon bai yi dariya ba, amma ya tura usur ɗinsa cikin riga. Ya miƙa mata wayar, ya ɗaga mata igiya ta fito, ya kaɗa mata yatsa a fuska sau biyu don ta san maganar igiya tana nan. Sannan, maimakon hanyar ƙofa, ya juya sama ya yafito ta. Ta bi shi ba takalmi, ta wasu matakala da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da magudanar, har wani ɗan fili da aka yarda baƙi su tsaya. A nan ruwan yake fitowa ta wani bakin dutse da aka sassaƙa, ya faɗo siriri kamar igiyar azurfa cikin wani kwano na dutse, ya huta, sannan ya kama hanya. Tsohon ya nuna wayar, ya nuna kwanon, ya koma gefe ya tsaya da hannuwa a cikin bargo.

Ilham ta zauna a kan jiƙaƙƙen dutse ta miƙa hannu.

"Allahu Akbar," in ji Audi, can ƙasa-ƙasa. "Nan ne ƙofarsu. Kar ki motsa."

Ba ta san tsawon lokacin da suka ɗauka a haka ba. Ruwan sama ya koma yayyafi, yayyafin ya koma wani abu da ba a ji sai a gashin ido. Wata iska ta taso daga ƙasa. Farin ya fara sirancewa, ya yage a tsakiya kamar tsohon mayafi, sai ga kore. Gonaki hawa-hawa, wata ƙarƙashin wata, suna sauka har inda ido ya gaji, kowace da bangonta jiƙe yana sheƙi, can ƙasa ƙwarai wani kogi ja yana murɗawa ba a jin ƙararsa. Ga dutsen mai tsini, gajimare a wuyansa. A gefen gonakin kuma, daga ƙafarta har ƙasa, ga layin, yana walƙiya.

"Baba! Ya buɗe! Baba, ya buɗe, ga shi duka! Bari in ɗauka, yanzun nan zan aiko..."

Ta fara kokawa da ledar. Yatsunta laka ce da sanyi, ƙullin ya ƙi kwancewa. Sai ta lura wayar ta yi shiru, irin shirun da ba na sauraro ba.

"Malam," in ji Inna Hannatu, "gaya mata mana."

Audi ya yi gyaran murya. "Bar ledar nan, ɗiyata. Ɗan hasken ya tahi. Tun kwana biyu bayan Talatar da kika tashi. Na farka na zaci gari bai waye ba."

"Baba... kullum ina kira, ba ka..."

"In na gaya miki sai ki yi ta kuka a ƙasar mutane, ki ƙi hawa dutsen. Na san ki. Ni na hana su faɗi. Hoton na Uzairu ne dama, shi ne mai taurin kai. Ni na gani tun ɗazu. Maida wayar bakin ruwa, ke kuma ki kalla, ki gaya min. Kar ki tsaya kuka ya rufe."

Ta maida hannunta bakin kwanon. Hawaye suna zuba, ta goge da kafaɗa don kada su tare mata gani.

"Gonakin ƙanana ne, Baba. Kowace ba ta fi faɗin rakubarmu biyu ba, amma dogaye, suna bin jikin dutsen suna lanƙwasa."

"Nawa?"

"Na ƙirga ashirin da bakwai, sauran sun shige gajimare. Tur'ar tana bi ta gefen dama. A kan kowace gona akwai wata 'yar tsaga a dutse, inda za a juya ruwan ya shiga."

"Da mi suke toshewa?"

"Ban gani ba. Wataƙila da dutse."

"Da dutse da ɗan ciyawa," in ji Audi. "Ta sama ke fara sha, ta ƙasa tana jira. Mai ta ƙasan nan kullum yana faɗa da gafir. Akwai Uzairunsu."

"To, na ji," in ji Kawu Uzairu. "Tur'a ce. Amma ƙarama ce, ya zol. Taƙi ɗaya! Wannan ko akuyata ba za ta ƙoshi ba."

Inna ta yi dariya mai haɗe da jan hanci. Ilham ta ci gaba da faɗa, da sauri, don gefen farin ya fara dawowa: launin ƙasar, da tsuntsun da ya ratsa ƙasa da ita maimakon sama, da dabbobin nan masu wuyan raƙumi guda uku suna kiwo a gona ta tara. Gonakin ƙasa suka fara ɓacewa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana naɗe tabarma. Kogin ya tafi. Dutsen mai tsini ya tafi. Layin ne ya rage na ƙarshe, shi ma ya gajarce har ya dawo taku biyar.

"Ya rufe, Baba."

"Ba komai. Ruwan yana nan."

Can ƙasa mota ta yi oda, doguwa, sau biyu. Tsohon mai gadi, wanda ba ta san lokacin da ya tafi ba, ya fito daga cikin hazo da takalmanta a hannu, ya aje su a gefenta, bakinsu a ƙasa don kada su ƙara cika. Ya nuna agogonsa, ya ɗaga mata yatsu biyar.

"Baba, ana kiranmu."

"Na ji. Ɗan ƙara kaɗan, ɗiyata."

Hannunta ya gaji, ta tallafe shi da ɗayan, ta ƙara matsar da wayar kusa da ruwan.